Ya San Kalar Hijabina, Ni Ban San Ko Waye Ba

Ranar uku ga ƙaramar Sallar 2025 ce. Jama'a sun tafi birni kallon hawa, mu kuwa muna zube a tsakar gidanmu a Tudun Wada da ke Zariya, an ci an ƙoshi an rasa abin yi. Ƙanwata ce ta kawo wasan: wani linki da ake ɗorawa a sitatus ɗin WhatsApp, duk wanda ya taɓa shi sai ya rubuto maka abin da ke ransa, saƙon ya iso ba suna ba lamba. Ni da nake koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar kuɗi, kullum cikin yi wa yara faɗan wasan banza, ni ma na ɗora.

Na farko-farkon duk na ban dariya ne. Wata ta ce in rage haɗe rai a hoto. Wata ta ce miyar da na kai walimar sauka gishiri ya zarce, ita kam ko ba suna na gane ta. Can sai ga wani: "Hijabin ki mai ruwan toka ya fi miki kyau, wanda kika sa ranan Laraba a bakin kasuwan Sabon Gari." Na je Sabon Gari ranar Laraba sayen takalmin Sallah, kuma hijabin da na sa ke nan. Na ɗauka wata ƙawa ce ta hango ni ba ta yi magana ba, na wuce.

Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma linkin yana ci gaba da aiki ga wanda ya adana shi. Wannan ban sani ba sai da saƙonni suka ci gaba da shigowa bayan kowa ya manta da wasan. Ya san lokacin da nake fita islamiyya. Ya san inda nake tsayawa in tari Napep. Ran nan ya rubuto: "Wancan mai faran motan da ke zuwa wurin ki da daddare bai dace da ke ba." Mai farar motar shi ne wanda aka sa mana rana da shi, biki bayan babbar Sallah. A nan ne gabana ya fara faɗuwa.

Manhajar tana da wani tarko. Tana cewa ka biya kuɗi a ba ka alamar wanda ya turo saƙo. Na biya da katina, abin da aka nuna min bai wuce cewa mutumin yana Najeriya yana riƙe da wayar Android ba, wato rabin mutanen unguwarmu. Daga baya na karanta cewa a watan Yulin 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa wata manhaja irin wannan mai suna NGL biyan dala miliyan 5 kan irin wannan cinikin na alamun banza, ta kuma hana ta hulɗa da 'yan ƙasa da shekara 18. Tawa ba ita ba ce, amma jirgi ɗaya ya kwaso su. Na goge manhajar gaba ɗaya, da duk saƙonnin da ke ciki, na ce shi ke nan an rabu da Bukar.

Bayan kwana uku ya same ni a Telegram, wadda ban ajiye ta don komai ba sai guruf ɗin malamai da ake turo takardun darasi. Babu hoto, babu lamba, sai wasu haruffa da alƙaluma a madadin suna. A can mutum yana iya ɓoye lambarsa, ya kuma nemo ka idan yana da taka. Shi yana da tawa, ni ba ni da tasa. Na tambaye shi ko waye, ya ce masoyi ne daga Legas. Na zage shi, na yi bulokin ɗinsa, na goge hirar. Kafin la'asar ya dawo da wani sunan.

Daren Juma'a ya turo hoto. Nawa ne, na gaske, wanda na ɗauka a ɗakina bayan an gama min kitso, ba ɗankwali, da shimi a jikina. Ban taɓa tura wa kowa shi ba. Ina cikin kallonsa jikina na rawa sai ga na biyu: fuskar nan tawa an ɗora ta a kan jikin wata mace tsirara. Bai fi ƙiftawar ido ba duka biyun suka ɓace, domin a Telegram wanda ya turo saƙo yana iya share shi daga wayarsa da taka a lokaci guda, ba tare da wata alama ta rage ba. Sai rubutu ya biyo baya: naira dubu 50 kafin Litinin, in ba haka ba hoton zai isa gidan su wanda zan aura da guruf ɗin iyayen yara na makarantarmu. Ya haɗa da lambar akawun.

Na tura dubu 15, iyakar abin da ke hannuna. Na san duk mai karanta wannan zai ce bai kamata ba, ni ma na sani, amma ƙarfe biyun dare ne kuma ni kaɗai ce. Ya yi shiru kwana biyar. Rana ta shida ya ce wancan kafin alƙalami ne, dubu 50 ɗinsa tana nan.

Sati biyu na yi ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Na rame, Umma tana tsokanata wai tun yanzu zullumin gidan miji ya kama ni. Duk namijin da ya gaishe ni a hanya sai in bi shi da kallo, mai shago, mai Napep, har malaman da muke aiki tare. Abin da ya hana ni magana ba tsoron mutumin ba ne kamar tsoron tambayar da na san za a fara yi min a gida, wato me ya kai ki. Kuma an yi min ita. Matar Yayana na fara gaya wa, a kicin, tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta kira shi. Yaya ya karanta abin da ya rage a wayar, ya ɗago ya ce, "Ke da hankalinki, me ya kai ki sa wannan shirmen?" Anti ta ce, "Baban yara, wannan faɗan ka ajiye shi, zai jira. Yanzu ɓarawo yana cikin gida." Ya karɓi wayar zai rubuta wa mutumin abin da zai yi masa in ya kama shi, Anti ta fizge ta ce ba wanda zai rubuta komai sai ƙawarta lauya ta gani.

Barista tana da ofis a saman wani bene a Sabon Gari, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta tambayi saƙonnin farko, na hijabi da na Napep. Na ce na goge. Ta tambayi hirar farko ta Telegram. Na ce ita ma. Ta cire gilashinta ta murza ido. "Ƙanwata, kin share masa sawu da hannunki. To daga yau ko digo kada ki ƙara gogewa. Kada ki yi bulokin ɗinsa yanzu, kada ki ƙara tura ko sisi, kuma kada ya ji ƙamshin cewa wani ya sani."

Sai ta koya min aikin da na yi sati uku ina yi kamar mai gadi. Tunda yana share saƙo, Anti ta ba ni tsohuwar wayarta, duk lokacin da ya fara rubutu sai in kunna bidiyo in ɗauki fuskar wayata da ita, saƙon yana shigowa yana ɓacewa duk a kan idon kyamara. Kowane sikirinshot sai ya nuna sunan da yake amfani da shi da kwanan wata da lokaci, ba a yanke gefe, ba a yi zane a kai. Na buɗe shafin bayaninsa na ɗauka, na kwafi adireshin. Na sayi littafi mai shafi 40 irin na ɗalibaina, ina rubuta rana, lokaci, da abin da ya faɗa, har da abin da na iya tunawa daga waɗanda na goge, amma su a shafi daban da bayanin cewa daga ka na rubuto su. Da ya sake turo hoton don ya tuna min, na adana shi kafin ya share. Barista ta ce kotu ba ta karɓar abin da ya fito daga waya ko kwamfuta haka kawai, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita da yadda aka fitar da shaidar, don haka in riƙe wayar kanta da kyau, kada in sayar kada in yi mata wankin ciki. Danna maɓallin ripot na cikin manhaja kuwa, ta ce shi ne na ƙarshe, bayan an kwashe komai, domin sau da yawa yana tafe da share hira. A WhatsApp ma saƙonni biyar na ƙarshe kawai ke isa ga kamfanin idan ka yi ripot, sauran aikin naka ne.

Da ta ga rasit ɗin dubu 15 ɗin, a nan ne kawai ta yi murmushi. Ta ce wautar da na yi ita ce igiyar da ya ɗaura wa kansa a wuya.

Ta buɗe min dokar ma, don in san a kan me nake tsaye. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24. A da sashen yana kama har zagi da cin fuska, aka yi ta kukan cewa da shi ake kama 'yan jarida, sai aka yi masa kwaskwarima a 2024 aka taƙaita shi. Don haka da zagina kawai yake yi, da abin ya yi wuyar kamawa ta wannan hanyar. Amma tura hoton batsa yana nan a matsayin laifi, ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba. Barazanar ɓata sunan mutum don a karɓi kuɗinsa kuma hukuncinta shekara 5 ne ko tarar da ba ta gaza miliyan 15 ba, ko duka. Wannan dokar a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arta, amma ta ce kundin Penal Code na Jihar Kaduna na 2017 ma ya tanadi laifin tsoratarwa da na karɓar dukiya ta hanyar barazana, kuma da shi 'yan sanda suka fi saurin kai mutum gaban majistare. Ta ƙara da cewa dokar ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara 2, saboda haka jinkiri ba ya taimakon mai ƙara.

A ofishinta muka shiga wani shafi mai suna StopNCII. Ba a tura musu hoton, yana nan a wayarka, wata lamba ce ta musamman ake cirowa daga jikinsa kamar zanen yatsa, ita ake rarraba wa Facebook da Instagram da TikTok da sauran waɗanda suka shiga tsarin, in wani ya zo ɗora shi a gane. Ba ya hana a tura wa mutum ta cikin hira ta sirri, wannan ta gaya min ba ɓoye-ɓoye. Shi ya sa ta kawo maganar da na fi ƙi: a gaya wa wanda zan aura, a gaya wa shugabar makarantarmu, tun kafin hoton ya riga mu isa. Na ce gara in mutu. Ta ce, "Jarinsa duka kunyarki ce. In kin riga shi faɗa, me ya rage masa na sayarwa?"

Shugabarmu ta ba ni mamaki. Ta rufe ƙofar ofis, ta ce ni ce ta biyu da ta zo mata da irin wannan, ta mayar da guruf ɗin iyaye yadda ita kaɗai ke iya tura saƙo. Wanda zan aura kuwa Yaya ne ya same shi bayan sallar isha'i. Kwana biyu bai kira ni ba, kwana biyun da ba zan so wa maƙiyina ba. Rana ta uku ya zo, bai ce komai a kan hoton ba, ya tambaya ranar da za mu je wurin 'yan sanda don ya kai mu.

Zuwanmu na farko ofishin 'yan sanda, ni da Yaya ne kawai, kuma kuskure ne. Wanda ke kanta ya saurara da rabin kunne ya ce, "To Malama, ya taɓa ki ne?" Na ce a'a. "Kin san shi?" A'a. "To wa za mu kama? Ki goge abin mana ki huta." Sai ya ce a kawo hoton ya gani, na ga wasu biyu sun matso. Na mayar da wayar cikin jaka muka fito. A mota na yi kukan da ban yi ba tun farkon lamarin.

Na biyu da Barista muka je, da takardar koke da ta buga zuwa ga DPO, shafi biyu, an jera abin da ya faru rana bayan rana, an ambaci sassan doka, an liƙa kwafin sikirinshot da rasit ɗin banki, kowanne da lambarsa. Hoton kuwa an buga shi an rufe jikin da baƙin tawada, an sa a ambulan an manne, an rubuta cewa na asali yana cikin waya ga mai bincike kaɗai. Kwafi biyu muka kai, aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan namu. Wannan hatimin kada kowa ya baro ofis ba tare da shi ba, domin shi ne ke hana a wayi gari a ce ba a taɓa ganin ka ba. Barista ta roƙi a ba mace binciken, aka haɗa mu da wata 'yar sanda ta teburin da ke kula da ƙararrakin mata da yara. Ni na rubuta sitatimen ɗina da hannuna, na karanta kafin in sa hannu. A ranar kuma muka cika fam a shafin cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet da ke Abuja, don maganar ta kasance a rubuce a wuri biyu. Ba zan ce ba a nemi kuɗin mai da na fayil ba. An nema, Yaya ya bayar, Barista ta kawar da kai.

'Yar sandar nan ba ta yi min romon baka ba. Ta ce bin sawun Telegram hanya ce mai nisa, kamfanin yana ƙasar waje. Tun watan Satumbar 2024, bayan kama shugabansa Pavel Durov a Faransa, kamfanin ya ce zai riƙa ba hukumomi lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma idan an kawo umarnin shari'a, amma takarda daga Zariya kafin ta je ta dawo an sha biki an yi suna. Akawun ɗin shi ne gajeriyar hanya, domin yanzu babu asusun da ba a ɗaure da BVN ko NIN ba. Sai da aka samo umarnin kotu, aka rubuta wa bankin, aka zauna jira. Kusan sati uku.

A cikin wannan jiran ina ta jan sa da hira, yadda aka umarce ni. Albashi bai shigo ba. Mai makaranta ya yi tafiya. Ka ƙara min kwana uku. Kowane dare wayar Anti a hannun hagu, tawa a kan filo. A nan ne, ina kwafe maganganunsa cikin littafi, na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko. "Makarantan ku." "Rigan ki." "Ranan Laraba." "Faran mota." Ni da nake wuni ina gyara wa yara wannan da jan biro, ina mayar da "makarantan" zuwa "makarantar", in dawo gida ni ma in faɗe shi yadda suke faɗa. Wai mutumin Legas. Bazazzage ne tsantsa, kuma bai san bakinsa yana bin sa har cikin rubutu ba.

Amsar banki ta nuna mai POS ne a wajen Kwangila. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, mutum nawa ke karɓar kuɗi ta hannun mai POS a wuni. Da aka gayyato shi sai ga dattijo da wani dogon littafi a hammata. Ya ce an taɓa kwanar da shi a sel a kan kuɗin da bai san asalinsu ba, tun daga ranar duk wanda aka turo wa kuɗi ta akawun ɗinsa sai ya rubuta rana, adadi, sunan wanda ya turo, da lambar wayar mai karɓa, kuma sai ya kira lambar ta yi ƙara a gabansa kafin ya miƙa kuɗin. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗa shafi har ya tsaya. Ga sunana, ga 15,000, ga lamba.

'Yar sandar ta fara bayanin yadda za a rubuta wa kamfanin layi a samo sunan da aka yi rajistar lambar da shi. Yaya yana gefe yana danna lambar a wayarsa don ya adana. Bai kai ƙarshen alƙaluman ba suna ya fito, domin lambar tana cikin wayarsa tun tuni, shi da kansa ya ajiye ta. Ya juyo min da fuskar wayar ba tare da ya ce uffan ba.

Ɗan maƙwabtanmu ne, gida uku tsakani. Yaron da ke koyon gyaran waya a wani shago a wajen PZ, wanda in ya gan ni yake rusunawa ya ce, "Anti Malama, ina kwana." Ƙanwarsa ta yi aji huɗu a hannuna. Kafin azumi gilashin wayata ya fashe, Yaya ya ce a ba shi, na gida ne, zai yi da sauƙi. Ya ce in gaya masa lambar buɗewa don ya gwada ko sabon gilashin yana jin taɓi. Na gaya masa. Wayar ta kwana a hannunsa.

An kama shi a shagon da hantsi. Da aka buɗe wayarsa a gaban Barista, ba ni kaɗai ba ce, hotunan mata huɗu ne, kowacce da jakarta, duk waɗanda suka taɓa ba shi gyara. Biyu daga ciki ya riga ya fara tatsar su. 'Yar sandar ta neme su a asirce. Ɗaya ta ce ba ta san zancen ba ta kashe waya. Ɗayar ta yi kuka ta roƙi kada sunanta ya shiga ko'ina, matar aure ce. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kwana nawa ne da ni ma nake inda suke.

Na ɗauka kamun shi ne ƙarshen wahala. Ashe a unguwa aka fi jin jiki. Kafin magariba mahaifiyarsa tana tsakar gidanmu, ta zube a gaban Umma, ta kama ƙafata tana cewa, "'Yata, ki rufa mana asiri yadda Allah ya rufa miki." Na tsaya ina kallonta, kalmar asirin nan tana yi min yawo a ka. Washegari mai unguwa da liman suka zo zaure wurin Baba. Maƙwabtaka ta shekara talatin, yaro ne, sharrin shaiɗan ne da na waya, in aka je kotu sunan yarinyar ne zai fi yawo, ga biki ya matso. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci min rai domin akwai gaskiya a cikinta. Baba ya kira ni ya ce ba zai tilasta min ba, amma na ga inda zuciyarsa ta karkata.

Barista ta shimfiɗa min hanyoyin biyu ba ta zaɓa min ba. Kotu tana nufin zaman da za a yi ta ɗagawa, da tsayawa a gaban lauyansa yana tambayata dalilin da na ɗauki hoto ba ɗankwali. Sulhu kuma yana nufin zai fita ba tare da tabon shari'a ba, alhali mata huɗu ne. Na kwana uku ina juya abin. A ƙarshe na yarda da sulhu, bisa sharuɗɗan da na ce ko ɗaya aka cire mu haɗu a kotu. Ya rubuta da hannunsa abin da ya aikata, ba a dunƙule ba, ya sa hannu, mahaifinsa da mai unguwa suka sa a matsayin shaidu. Aka kwafe shaidar aka ajiye a fayil ɗin 'yan sanda, sannan aka share wayarsa da ma'ajiyarsa ta intanet a gaban Barista. Aka rubuta cewa in hoton ɗaya daga cikinmu ya ɓulla ko'ina, ko ya sake tuntuɓar wata, wannan takardar ce za ta fara shiga gaban alƙali. Maigidansa na shago ya zo ya ji da kunnensa, ya sallame shi. Ya dawo da dubu 15 ɗina a ambulan, kuɗin da har yau ban iya kashewa ba. Sai a ranar na danna ripot a kan sunayensa uku na Telegram, na yi bulokin ɗinsu, na shiga saitin na rufe yadda ba mai nemo ni da lamba sai wanda ke cikin wayata.

Har yanzu in na tuna matar auren nan da ta yi kuka a waya, sai in ji kamar na yi sauƙi da yawa. Wata rana kuma in ji daidai na yi. An ɗaura aurena sati biyu bayan babbar Sallah, na tare a Samaru. Shi an tura shi wurin kawunsa a wani gari. Mahaifiyarsa ba ta zo biki ba, kuma Umma ta ce in suka haɗu a gidan suna yanzu kowacce gefenta take zama.

Watan jiya gilashin wayar ya sake tsagewa, wayar nan dai, wadda Barista ta ce kada in rabu da ita. Na kai wani shago a Samaru na ja benci na zauna. Mai gyaran ya ce in je in dawo bayan awa biyu, na ce ba ni da sauri. Da ya gama ya ce, "Hajiya, lambar buɗewa, in gwada." Na miƙa hannu na karɓa, na buɗe da kaina, na riƙe masa ita yana taɓa kusurwoyin da yatsa ɗaya.